Yadda za ka rabu da wiwi alhali ciwon firgici yana damunka

Shekara goma sha biyu na yi ina shan wiwi, wanda mu nan Sudan muke ce wa bango. Na fara a 2006 a kambo, wato sansanin ma'aikata, na wata gonar riɗi kudu da garin Gadarif, lokacin ina yaron direban tarakta, ban ajiye shi ba sai ƙarshen 2018. Shekara tara na farko ba abin da ya yi min da zan iya nunawa, in ban da cin kuɗi da jan ido da yawan mantuwa. A shekara ukun ƙarshe na gane kurena. Wannan rubutu na wanda ya tsinci kansa inda na tsinci kaina ne: ya daɗe yana sha, ga wani tsoro da ke faɗo masa ba sallama, yana kuma ganin in ya bar ganyen tsoron nan zai ƙarasa shi. Ni ba likita ba ne, makaniken tarakta ne. Amma na bi hanyar da ƙafata, na kuma raka samari huɗu na unguwarmu. Biyu sun fita, ɗaya yana kai-komo, ɗaya kuma muna tsakiyar tafiyar da shi yanzu haka.

Ranar farko tana nan a idona. Kakar 2015 ce, an gama yankan riɗi, mun yi isha'i muka zauna bayan tirela muka kunna. Wanda aka kawo ranar mai ƙarfi ne, mai sayarwa yana ta kuranta shi wai ɗan Radom ne, can kudancin Darfur. Zuƙa ta huɗu ko ta biyar sai na ji ƙirjina ya ɗauki duka kamar ana daka a turmi. Tafin hannu ya yi sanyi, leɓɓana kamar tururuwa na bi, numfashi ya ƙi isa inda ya saba isa. Na dubi abokan aikina na ga kamar a talabijin nake kallonsu. Na yi kalmar shahada, na ce wa ƙanena ya gaya wa Inna ta yafe min. Aka ɗora ni a bayan a-kori-kura, wadda a nan ake kira boksi, aka nufi wani ƙaramin asibiti mai nisan awa guda. Kafin mu isa abin ya lafa. Aka gwada maleriya babu, aka ɗaura min ƙarin ruwa leda ɗaya, aka ce gajiya ce.

Bayan mako biyu ya dawo, wannan karon ban sha komai ba, ina sahu na uku a masallacin Juma'a. Daga nan sai a cikin bas ɗin Madani, sai a kasuwar hatsi, sai a kan gadona tsakar dare. Na koma sallah a sahun ƙarshe kusa da ƙofa, na daina doguwar tafiya, kuma na ninka shan bango, domin shi kaɗai nake gani yana sa ni barci.

Ka fara sanin sunan abin

Likitoci a nan da Larabci suna ce masa naubatul hala'i, ni kuwa ciwon firgici nake kiransa. Tsoro ne mai tsanani da ke tasowa farat ɗaya, ya kai maƙura cikin kamar minti goma, sannan ya sauka da kansa, yawanci kafin rabin awa. Yana zuwa da bugun zuciya, gumi, makyarkyata, toshewar numfashi, ciwon ƙirji, jiri, tashin zuciya, mutuwar yatsu, da jin cewa mutuwa ta zo ko hankali zai gushe. Mutane da yawa sun taɓa samunsa sau ɗaya ko biyu a rayuwa ya wuce. Ana kiransa ciwo ne idan yana maimaituwa ba dalili, har mutum ya yi wata guda ko fiye yana zaman zullumin dawowarsa, ko ya fara ƙaurace wa wurare saboda shi. Cikin mutum 100, kamar biyu ko uku ne ke fama da shi, kuma mata sun ninka maza, sai dai su ba kasafai ake jin nasu ba, akan ce iska ce.

Abin da ke faruwa a jiki ba asiri ba ne. Allah ya yi wa ɗan Adam ƙararrawa don ranar da zai yi arba da kura ko gobara. In ta kaɗa, sinadarin adirenalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sauri, don ka samu ƙarfin gudu. A ciwon firgici ƙararrawar ce ke kaɗawa ba kura. Saurin numfashin kuma yana rage iskar kabon da ke cikin jini fiye da kima, shi ke kawo jirin da mutuwar leɓe. Kai kuma ka ji haka ka ce shi ke nan zuciya ta tsaya, tsoro ya ƙaru, ƙararrawa ta ƙara kaɗawa. Firgicin shi kansa ba ya kisa, ba ya haukatarwa. Na san wanda yake ciki ba zai yarda da wannan magana ba, ni ma shekara uku ban yarda ba.

Don haka ka je a duba jikinka sau ɗaya, dubawa ta sosai: awon zuciya na takarda, awon jini don ƙarancinsa, suga, da maƙoƙo, domin idan halittar nan ta wuya tana aiki fiye da kima takan kawo bugun zuciya da rawar jiki iri ɗaya da firgici. In an ce lafiya, ka riƙe takardun ka daina yawon asibiti. Ni awon zuciya bakwai na yi a wurare daban-daban, kuɗin da ya isa sayen akuya biyu. Amma ciwon ƙirjin da ke zuwa in kana aikin ƙarfi, ko yake sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ko suma ta gaskiya, musamman in ka haura arba'in, wannan ba na jira ba ne, asibiti za a nufa nan take.

Kuma ka gaya wa likita kana sha. Na san abin da ke hana mu: kunya, da tsoron hukuma, tunda dokar miyagun ƙwayoyi ta 1994 ta tanadi ɗauri a kan sha. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likitoci biyar na gani ina ɓoyewa, kowanne ya ba ni maganin abin da ba shi ke damuna ba. Na shida, likitan ƙwaƙwalwa ne a Madani, dattijo, bai ma jira na faɗa ba. Ya dubi yatsuna da leɓena ya ce, ɗana, sau nawa a rana? Na ce uku. Ya ce to biyar ke nan. Gaskiyarsa.

Bashin shel

Likitan nan ne ya fahimtar da ni tarkon, ni kuma na fassara wa kaina shi da abin da na sani. Duk manomin Gadarif ya san shel: ɗan kasuwa ya ba ka kuɗi da damina lokacin da kake cikin matsi, da kaka ya zo ya kwashe dawarka a farashin da ya ga dama. Ranar da ka karɓi kuɗin daɗi kake ji. Baɗi kuma sai ka koma wurinsa, domin bashin bara ya cinye abin da za ka yi noman bana da shi. Bango ga mai ciwon firgici haka yake. Yana ranta maka natsuwar awa biyu da daddare, da safe ya zo karɓa da riba.

Sinadarin da ke bugarwa a cikinsa sunansa THC. Yana aiki ne a wasu mazaunai da ke cikin ƙwaƙwalwa, waɗanda dama jiki yana da nasa sinadarin da ke zama a kansu don daidaita tsoro da barci da cin abinci. Kaɗan daga THC yakan kwantar da hankali, mai yawa kuma yakan tayar da shi, kuma kai mai saye a ƙulle cikin takarda ba ka da ma'aunin sanin wanne ka samu yau. Ban da haka yana ƙara gudun zuciya da bugu 20 zuwa 50 a minti guda jim kaɗan bayan an zuƙa. Ga wanda dama kunnensa na kan ƙirjinsa, wannan kaɗai ya isa ya kunna ƙararrawa. In kuma ka yi shekaru kana sha kullum, ƙwaƙwalwa takan rage yawan mazaunan nan don kare kanta. Sai ya zama naɗi ɗaya ba ya isar ka, kuma da zarar na jiya ya fara fita daga jini, sai ƙunci da faɗuwar gaba su taso. Kai kana cewa ciwona ne ya motsa, bari in sha magani, alhali mai bashi ne ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Ba kowa yake yi wa haka ba, kada a ce na yi ƙarya. Na san dattawan da suka yi shekara talatin suna sha ba su taɓa sanin firgici ba. Cikin waɗanda suka taɓa gwada shi, kamar mutum ɗaya cikin goma ne ke zama ba ya iya bari, ga waɗanda suka fara tun suna samari ƙanana kuwa ɗaya cikin shida. Amma kai da ƙararrawarka ta riga ta zama mai saurin kaɗawa, lissafin wani ba naka ba ne.

In kana shakka, kada ka yarda da ni, ka gwada da littafi. Sayi ƙaramin littafin 'yan makaranta, ka yi mako biyu kana rubuta abu uku kawai: lokacin da ka sha da yawansa, lokacin da firgici ya zo, da kofin jabana, wato gahawa, ko shayi nawa ka sha. Da na duba nawa sai na ga firgicina kashi biyu ne, wanda ke zuwa cikin rabin awa bayan na kunna, da wanda ke zuwa da hantsi, lokacin da na daren jiya ya sake ni. Ranakun da na fi sha su ne washegarinsu ta fi muni. Ba wanda ya yi min wa'azi, rubutun hannuna ne.

Zaɓen rana

Kada ka bari a tsakiyar kaka ko lokacin shuka, kana kambo cikin masu sha, ba barci ga aikin dare. Sau biyu na gwada haka na faɗi a kwana na uku. Ka zaɓi lokacin da aiki ya yi sauƙi kuma kana gida. Wasu suna zaɓar azumi, kuma yana da amfaninsa tunda yini ya riga ya tafi, sai dai rashin barcin Ramadan da jabanar bayan buɗa-baki sukan haɗu su tayar da firgici, don haka in azumin ka zaɓa ka yi shirin dare, ba na rana ba.

Bari lokaci guda ko ragewa a hankali? Yanke wiwi farat ɗaya ba ya da haɗari ga rai, wahala ce kawai. Ni dai ga mai firgici na fi ganin a yi mako biyu ana ragewa: a fara cire na safe, sai na rana, a bar na dare shi kaɗai, sannan a sa ranar yankewa, a gaya wa mutum ɗaya ranar. In ba a sa rana ba, ragewa takan zama shekara. Amma a kula da wannan sosai: in kana haɗawa da giyar aragi kullum, ko ƙwayoyin barci irin su Valium da Xanax, ko Lyrica, ko tiramadol, waɗannan ba a yanke su kai tsaye. Yanke giya ko ƙwayar barci lokaci guda ga wanda ya saba yana iya kawo farfaɗiya, har da rasa rai. Wannan aikin likita ne.

Daren jajibiri ka fitar da komai: ragowar ganye, takardar naɗi, lambar mai sayarwa. Ni na bar ƙulli ɗaya a akwatin sifana wai saboda ko-ta-kwana, shi ya kayar da ni a gwaji na uku.

Mako biyun da ake faɗuwa a cikinsu

Nan ne zancen yake, domin nan kowa ke komawa. Kusan rabin masu sha a kai a kai suna shiga wahala in sun bari. Takan fara tsakanin kwana ɗaya zuwa uku, ta yi tsanani a makon farko, yawancinta ta sauka cikin mako biyu. Barci ne ke daɗewa bai daidaita ba, yakan kai wata guda ko fiye. THC yana maƙalewa a kitsen jiki yana fita a hankali, shi ya sa awon fitsari ke iya nuna shi bayan wata guda ga wanda ya daɗe yana sha. Mazaunan nan na ƙwaƙwalwa kuma da suka ragu, an auna an ga suna komawa yadda suke cikin kamar mako huɗu. Ka riƙe lissafin nan kamar yadda kake riƙe kwanakin tsirar iri.

Kwana na ɗaya ban ji komai ba, har na fara cika baki. Na biyu da dare barci ya ƙaurace. Na uku zuwa na shida su ne kwanakin da ba na fatan maimaitawa: gumi ya jiƙa zanin gado, kisra da miya a gabana kamar ƙasa, faɗa da kowa, har na daka wa 'yata 'yar shekara huɗu tsawa don ta taɓa rediyo. Firgici ya zo sau biyu a rana ɗaya, abin da bai taɓa yi ba. A nan ne zuciya ke kawo hujjarta mai kama da gaskiya: ka gani ko, da kana sha ba ka kai haka ba, ashe shi ke riƙe da kai. Wannan hujja ita ta mayar da ni sau uku. Amsarta ita ce, ƙaruwar tsoro a makon farko alamar fitar abin ce daga jiki, kuma tana da ranar ƙarewa. Rubuta wannan a bangon littafinka tun kafin ka fara, domin a kwana na huɗu ba za ka iya tuno shi da kanka ba.

Daga kwana na bakwai mafarkai suka fara, masu launi, masu ban tsoro, har na ga kakana wanda ya zo garin Mai Wurno na nan Sudan daga Sakkwato a ƙafa yana tuƙa tarakta cikin kogi. Inna ta ce a nemi malami. Bayanin kuwa mai sauƙi ne: wiwi yana danne kason barcin da ake mafarki a cikinsa, in ka bari sai ya dawo da rarar da aka tara.

Abin da ya taimake ni a kwanakin nan ba shi da yawa. Tashi lokaci ɗaya kullum, da asuba, ko da awa biyu na runtsa, kuma ba barcin rana fiye da rabin awa. Tafiyar ƙafa mai nisa bayan la'asar har sai na yi gumi. Cin abinci kaɗan-kaɗan ko ba na so, kunu, ful, ayaba, domin yunwa tana kawo rawar jiki, rawar jiki kuma tana kiran firgici. In barci ya ƙi, in tashi daga gadon in zauna a tsakar gida, ba waya a hannu.

Sai jabana. Wannan ta fi min ciwo fiye da yadda na zata, domin zama wurin mace mai shayi a bakin kasuwa, da ƙamshin citta da turaren wuta, shi ne hutun namiji a garin nan. Amma sinadarin kafin da ke cikin gahawa sananne ne wajen tayar da firgici ga masu ciwon, kuma ni finjali shida nake sha a rana. Kada ka yanke ta rana ɗaya da bango, ciwon kai zai haɗu maka biyu. Rage ta tun a makonnin shiri har ta koma ɗaya da safe. Ka ci gaba da zama wurin mai shayin, ka ce ta ba ka karkade, wato zoɓo, ko ruwan tsamiya. Taba kuma, tunda yawancinmu da ita muke cakuɗa naɗi, ka sani kana janye abu biyu ne. Ni na bar sigari sai bayan wata uku. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a maye gurbin bango da tumbak, garin tabar nan da ake sawa a leɓe, an gudu ba a tsira ba ke nan.

Idan ya taso

Kada ka gudu daga inda kake. Wannan ita ce doka mafi wuya kuma mafi amfani. Duk ranar da ka fice daga masallaci firgici ya lafa a waje, ƙwaƙwalwa ta rubuta cewa masallaci ne haɗarin, fita ce ta cece ka. Alhali ko ka zauna zai lafa, mintocinsa ne suka cika. Haka duniyar mutum ke tsukewa har ta koma ɗaki ɗaya.

Zauna, ko ka jingina. Dubi agogo ka riƙe lokacin da ya fara. Ka ce a ranka, na san ka, kai ne na ranar nan. Sannan numfashi: jiki zai ce ka ja iska da yawa, kada ka biye masa, iskar ta riga ta yi yawa. Ja ta hanci a hankali kana ƙirga huɗu, cikinka ya taso ba ƙirji ba, ka sake ta ta baki kana ƙirga shida. Ni da carbi nake yi, ƙwaya ɗaya numfashi ɗaya, kafin in kai talatin da uku an ci minti biyar. Ba don ka kore shi kake yi ba, don ka daina ƙara masa itace ne. Kada ka riƙa taɓa jijiyar wuya kana ƙirga bugu, kada ka kira boksi. In ya sauka ka sake duba agogo ka rubuta. Nawa mafi tsawo a littafi minti 24 ne, ni da nake rantsuwa awa biyu yake yi.

Barin bango ba shi ne warkewa ba

Wasu in sun yi wata ɗaya ko biyu ba sha, firgicin yakan tafi gaba ɗaya. Ɗaya daga samarin da na raka haka ya samu. Ni ban samu haka ba. Nawa ya ragu da kamar rabi ya tsaya, domin ƙwaƙwalwa ta riga ta koyi tsoron bugun zuciyarta, kuma abin da aka koya sai an warware shi. In ka kai mako shida yana nan, kada ka ce barin bai yi amfani ba. Ciwo biyu ne, ka gama da ɗaya.

Magani iri biyu ne. Na farko ƙwaya, irin su sertraline da fluoxetine da escitalopram, na rubuta su yadda suke a jikin kwali. Ba sa bugarwa, ba kuma sa aiki ranar da aka sha, sai an yi mako biyu zuwa shida. A makon farko sukan ƙara faɗuwar gaba, shi ya sa likita ke farawa da kaɗan. Da ba a gaya min wannan ba da na zubar da su a kwana na biyar. Ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, sau da yawa shekara, kuma a hankali ake sauka daga kansu. Ni wata goma sha huɗu na yi. Wanda zan ja maka kunne a kansa shi ne ƙwayar da ke kwantar da kai cikin minti ashirin, wadda wani mai kemis zai miƙo maka ta bayan kanta. Ita ma shel ce, kuma mai ita ya fi mai bango tsanani wajen karɓa.

Na biyu horo ne, wanda masana halayyar ɗan Adam ke koyarwa, kuma shi ne amfaninsa ya fi daɗewa. Da gangan kake jawo alamomin da kake tsoro, a wuri mai aminci, har jiki ya gane ba komai ba ne. Bayan an tabbatar zuciyata lafiya, likita ya sa ni in riƙa gudu a tsaye minti ɗaya har ƙirji ya buga, in juya a tsaye har jiri ya ɗebe ni, in yi numfashi da sauri har yatsu su mutu, sannan in zauna in jira ba tare da na yi komai ba. Kullum, mako uku. Matata ta leƙo ta ga ƙato yana juyi a tsakar gida kamar ɗan yaye, ta ce, Malam, lafiya? Na ce magani ne. Ta ce Allah ya ba da sauƙi, da muryar wadda ba ta yarda ba. Daga nan sai wuraren da na ƙaurace wa, daga mai sauƙi zuwa mai wuya: sahun ƙarshe, sahun tsakiya, keke mai ƙafa uku da muke ce wa raksha zuwa kasuwa, bas zuwa Fao, sannan Madani.

Na san samun likitan ƙwaƙwalwa ya yi wuya tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Da can Omdurman ake zuwa, asibitin Tijani al-Mahi, ko Madani. Yaƙin ya tarwatsa ma'aikata da yawa, wasu suka yo gabas, Gadarif da Kasala da Port Sudan, don haka ka tambaya a babban asibitin garinku, kana iya dacewa. In babu, likitan gama-gari ma yana iya fara maka maganin. Kuma wanda ya ji ƙarar harsasai ya kwana a hanya, tsoronsa yana iya zama da wani tushen daban, ya faɗa wa likita wannan ma.

Maganar malamai kuwa, ban hana kowa ba. Shi kansa Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a ƙasar nan, an san shi da aiki tare da malaman addini maimakon faɗa da su. Inna ta kawo min rubutu na sha, kawuna ya yi min tofi, kuma zaman asuba a masallaci ya riƙe ni a ranakun da ba abin da ke riƙe ni. Sharaɗina biyu ne: kada a ce ka bar maganin asibiti, kuma kada a yi duka ko hayaƙin da ke shaƙe numfashi. Mai firgici a rufe shi da bargo a kan garwashi, an kira ciwon da sunansa ke nan.

Akwai abu biyu da ba a jira da su ko kwana ɗaya. In ka fara jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ka tabbata ana bin ka ana shirya maka makirci, wannan ya wuce firgici, kuma wiwi yana iya jawo shi, musamman in akwai mai taɓin hankali a dangi. In kuma tunanin kashe kai ya fara zuwa, ka faɗa wa wani a ranar, a kai ka asibiti.

Abokan zama su ne saura. Ban yi faɗa da kowa ba, na dai canza lokaci: ina gaisawa da su da rana a gareji, bayan magariba kuma ba a ganina. Wata shida ana min dariya wai na zama ustazu, daga baya biyu daga cikinsu suka zo da dare suna tambaya ta yaya. In ka zame ka sha, kada ka ce tunda an jiƙe bari a yi wanka. Rubuta ranar da abin da ya kai ka, ka ci gaba washegari. Zuƙar dare ɗaya ba ta mayar da kai kwana na ɗaya, mako guda kana sha shi ke mayarwa.

Ka kuma nemi mutum ɗaya da za ka iya kira ƙarfe biyu na dare. Nawa ƙanena ne, wanda na ba saƙon neman gafara a bayan tirela. Aikinsa ba nasiha ba ne, tambaya biyu kawai na koya masa: yau kwana nawa, kuma ƙarfe nawa ya fara. Yaron da nake rakawa yanzu shekaranjiya ya kira ni, kwanansa biyar, yana haki yana cewa, Kawu, wannan karon daban ne, wallahi zuciyar ce. Na ce ƙarfe nawa ya fara? Ya ce biyu saura kwata. Na ce ɗauko carbinka, ina kan layi. Biyu da minti biyar ya ce ya sauka, amma gobe zai je a sake masa awon zuciya. Na ce takardar wancan makon tana ina? Ya ce tana aljihu. Na ce ciro ka karanta min.